Kurakuran da na taho da su daga gulbi zuwa tafkin gasa

Hausawa na cewa iya ruwa fidda kai, mu kuwa da muka koyi iyo a gulbi tun muna yara mun ɗauki maganar a zahirinta, domin gwani a wurinmu shi ne wanda kansa ke sama, idonsa na kan gaɓa, yana dukan ruwa da hannu da ƙafa har ya haye. Da irin wannan iyo na shiga tafkin gasa mai tsawon mita 50 ina ɗan shekara 16, ina ganin wanda ya saba da ruwa mai gudu ba zai ji tsoron ruwan da ke kwance ba. Wani siririn yaro da tsayinsa bai kai kafaɗata ba ya riga ni taɓa bango, ya cire tabarau, ya tsaya yana jirana. Da na fito ina haki, mai horar da mu ya ce mini: "Yaro, kokawa kake yi da ruwa, kuma ba a taɓa kayar da shi ba."

Ƙannena masu sha'awar ninkaya, wannan kan da nake ɗagawa shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya fi cin mini lokaci kafin na rabu da shi. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka duk wani sashe na jiki da ya fita daga layi birki ne. Da zarar mutum ya ɗaga kai, ƙugunsa da ƙafafunsa za su nutse, ya koma yana tura ruwa da ƙirji kamar mai tura ƙyaure, ƙarfin da ya kamata ya kai shi gaba ya ƙare wajen hana shi nutsewa. Gyaran da aka ba ni yana da sauƙin faɗa: in kalli baƙin layin da ke ƙasan tafki, in riƙa fitar da iska ta hanci da baki tun fuskata na cikin ruwa, sannan in mirgina jiki gefe in shaƙi numfashi alhali idon tabarau ɗaya na cikin ruwa. Na yi watanni ina shan ruwa ina tari kafin jikina ya yarda, don na saba riƙe numfashi sai na fito in fitar in shaƙa a lokaci guda, abin da ke sa mutum gajiya tun bai kai rabin tafki ba.

Abin da ya tabbatar mini cewa ina gyaruwa shi ne ƙirga. Mai horarwa ya sa na riƙa ƙirga jan hannu nawa nake yi daga bango zuwa bango, na fara da 58, bayan shekara guda na dawo 43, lokacina kuma ya ragu ba tare da na ƙara wani ƙarfi ba. Da farko na raina ƙirgar, ina ganin aikin 'yan koyo ne, sai daga baya na ji abin da ya faru da Michael Phelps na Amurka a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, inda tabaransa ya cika da ruwa a tseren mita 200 na salon malam-buɗe-littafi, wanda ake wurga hannu biyu gaba a tare, ya ƙarasa yana ƙirga jan hannunsa domin ba ya ganin bango, ya kuma ci zinare da sabon tarihin duniya.

Kuskure na biyu shi ne raina bango. A atisaye nakan iso gefe a sanyaye, in riƙe, in ɗan huta, sannan in juya, na manta cewa tseren mita 200 yana da juyi 3 a tafki mai mita 50, yana da 7 a mai mita 25, kuma in ban da tsallen farko babu inda mai iyo ke gudu kamar lokacin da ya tunkuɗi bango ya miƙe sambal, hannu kan hannu, kai a tsakanin damatsa. Doka ta yarda a tafi ƙarƙashin ruwa har mita 15 bayan tsalle da bayan juyi a salon rub-da-ciki da na rigingine da na malam-buɗe-littafi, ni kuwa ina ɓullowa tun ban yi mita 3 ba. Wannan sakaci ya kai ni ga abin kunya a wata gasa, ranar da na zo na biyu a salon kwaɗo aka soke sakamakona, saboda na taɓa bango da hannu ɗaya kamar yadda na saba a atisaye, alhali doka ta ce hannu biyu a lokaci guda. Na yi fushi da alƙalin har na ƙi gaishe shi, amma gaskiyarsa ce. A Beijing ɗin dai, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ne ya raba Phelps da Milorad Čavić na Sabiya a tseren mita 100, kuma a bakin bango aka yi ta ta ƙare.

Game da kafaɗa ba zan tsawaita ba. Na ninka nisan da nake yi cikin mako guda, na ɗaura manyan faifan da ake sa wa a tafin hannu don ƙara ƙarfin jan ruwa tun jan hannuna bai daidaita ba, na ji zafi na yi shiru don kada a ce na yi raki, sai da na yi wata 3 ban shiga ruwa ba. Ku ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ku sassauta atisaye idan gasa ta matso, ku faɗa wa mai horarwa ranar da zafi ya fara. Wanda kuma rashin tafki ya sa yake atisaye a kududdufi ko madatsar ruwa, idan ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, domin tsargiya ce ake zargi kuma tana da magani.

Na ƙarshe shi ne wanda ya kusa raba ni da duniya. Muna da wata al'ada ta yin numfashi da sauri-sauri sau da yawa kafin nutso, wai don mu tara iska mu daɗe a ƙasa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, taruwar gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ita ce ke tilasta wa mutum neman numfashi, kuma hakin nan na ganganci yana kore ta ne kawai, ba ya ƙara iskar da ƙwaƙwalwa ke buƙata sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sakamakon haka mutum yana iya suma a ƙarƙashin ruwa bai ji wata alama ba. Wata safiya ta hunturu na zo kafin kowa, na yi hakin nan, na nutsa da niyyar kai wa ɗaya bangon, kuma abin da na iya tunawa shi ne layin ƙasa yana dusashewa. Mai share gefen tafki ne ya lura na daina motsi, ya jefar da tsintsiya ya faɗa da kayansa ya jawo ni. Tun daga ranar ban sake yin wannan haki ba, ban kuma sake shiga ruwa ni kaɗai ba, ko da kuwa zan yi awa guda a zaune ina jiran wani ya iso.