Wasiƙa daga Liyon: Karatun Bishara da Lokutan Shekararmu

Zuwa ga iyayena dattawan ikilisiya, da fastoci da masu bishara, da iyayenmu mata na zumunta, da dukan ƴan'uwa a Maraɗi da kewayenta.

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiyarku, ina aikin kaka, yaya kuma sanyin hunturu? Ina fata amfanin gona ya shiga rumbu lafiya. Mu ma nan Liyon, a ƙasar Faransa, lafiya lau muke, sai godiya.

Magana ce nake da ita a kan wa'azinmu na ranar Lahadi, ina kuma roƙon iyayena su yi mini haƙuri, domin ba ilimi ne na fi kowa ba, ido ne kawai ya ga wata hanya dabam. A majami'ar Furotesta da nake yin sujada, fasto ba ya tashi da asuba ya zaɓi nassin da ya ga dama. Akwai jerin karatu da aka tsara tun tuni, wanda ya ba kowace Lahadi nata rabo: ɗaya daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai ɗaya daga wasiƙun manzanni, sannan Bishara. Jerin yana zagayowa ne a shekara 3. Shekara ta farko ta Matiyu ce, ta biyu ta Markus, ta uku ta Luka, ita kuwa Bisharar Yahaya ana karanta ta musamman a lokacin azumin ikilisiya da na Faska, wato idin tashin Almasihu daga matattu. Shekarar ikilisiya tana farawa Lahadi huɗu kafin Nowel, wato Kirsimeti, don haka wadda ta fara ranar 30 ga Nuwamba 2025 ta Matiyu ce. Katolika ne suka fara fito da wannan tsari na shekara 3 a 1969, bayan babban taronsu na Batikan, daga baya ikilisiyoyin Furotesta da yawa suka yi masa gyara suka ɗauka, har suka buga nasu na haɗin gwiwa a 1992.

Ba zan ɓoye muku ba, kujerun majami'un nan da yawa babu kowa a kansu, masu zuwa kuma galibi furfura ce. Ba ina cewa tsari yana cika majami'a ba ne. Ta fuskar zafin zuciya da waƙa da addu'a, su ne ya kamata su zo Maraɗi su koya. Amma akwai abu ɗaya da tsohuwar da ke zaune kusa da ni take samu wanda iyayenmu na ƙauye ba sa samu: a cikin shekara 3 sai ta ji mafi yawan Bishara da kunnenta, da sassan da fasto yake so da waɗanda suke yi masa nauyi.

Ita wannan tsohuwa ma tana iya karantawa a gida. Mu fa? Tun 1932 aka gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, amma ku dubi taronmu na Lahadi a ƙauyukan Gidan Rumji ko Madarunfa ko Dakoro, ku ƙidaya waɗanda za su iya buɗe shi su karanta da kansu. Ga wanda bai yi karatu ba, abin da aka karanta masa daga kan mumbari shi ne Littafinsa gaba ɗaya, abin da aka tsallake kuwa har ya mutu ba zai san yana ciki ba. Na girma ina jin wasu nassosi har na haddace su ba da niyya ba, musamman Malakai sura 3 a kan zakka, da labarin Dawuda da Goliyat, da alkawaran warkarwa da na nasara a kan maƙiya. Dukansu Maganar Allah ce. Sai dai mutum yana iya shekara da shekaru a kan benci ɗaya bai taɓa jin an yi wa'azi a kan Matiyu 25 ba, inda Sarki yake tambayar wanda ya ciyar da mayunwaci ya kuma ziyarci ɗan kurkuku, ko Matiyu 18 a kan bawan da aka yafe masa bashi mai yawa ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa saboda ƴan kuɗi kaɗan. Ban ɗora wa masu bisharar ƙauye laifi ba. Mutumin da ya yini a gona kwana shida, ba shi da littattafai, ba shi da albashin kirki, ranar Asabar da dare dole ya koma ga nassin da ya fi sani. Jerin karatu taimako ne gare shi tun kafin ya zama taimako ga jama'a.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai al'adar Katolika ce. Akwai dalilin wannan tunani a tarihinmu. Turawan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri bayan ƴan shekaru, daga ikilisiyoyi suka fito waɗanda ba su damu da kalandar bukukuwa ba, shi ya sa muka gaji Nowel da Faska, sauran lokutan kuwa muka bar wa ƴan'uwanmu Katolika, waɗanda tun 2001 suke da bishop nasu a Maraɗi. Amma ƙirga lokutan nan ya girmi rabuwar Katolika da Furotesta da fiye da shekara 1,000. Littafi da kansa ne ya ce Almasihu ya yi kwana 40 a jeji, ya hau sama kwana 40 bayan tashinsa, Ruhu Mai Tsarki kuma ya sauko ranar Fentikos. Babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya nemi dukan ikilisiyoyi su riƙa yin Faska rana ɗaya, ƙa'idar da aka zauna a kanta kuwa ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, abin da ya sa bikin yake yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afirilu. Shi ma wannan birni na Liyon yana da hannu a zancen. Wajen shekarar 190, bishop na Roma mai suna Biktor ya so ya yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya Ƙarama saboda ranar Faskarsu ta bambanta, sai Ireniyus, bishop na Liyon, ya rubuta masa yana tuna masa cewa magabata sun sha bamban a kan azumi amma sun zauna lafiya da juna. Saboda haka ni ma ba ina neman a mayar da kalanda doka ba ne, balle ta zama sabon dalilin rabuwa, mu da rabuwar da muke da ita ta ishe mu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda waɗannan karatu suke faɗawa a kan shekararmu ta Maraɗi. A nan Turai an saba ɗaura wa'azin a kan yanayinsu. A Disamba yini bai kai awa 9 ba, ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, don haka duk wa'azin jiran zuwan Almasihu na haske ne da duhu, har mutanen Liyon sukan jera ƴan kyandirori a tagoginsu ranar 8 ga wata, al'adar da suka fara tun 1852. Faska kuma tana zuwa musu lokacin da itatuwa ke toho. Idan muka kwaso irin wannan wa'azi daga littattafansu muka zuba a majami'unmu, ba zai zauna ba. Amma nassosin kansu, sau da yawa sun fi dacewa da mu fiye da su.

Ranar 7 ga Disamba an karanta mana Matiyu 3, inda Yahaya Maibaftisma yake cewa Mai Zuwa yana riƙe da abin shiƙa, zai tara tsaba ya ƙone ƙaiƙayi. Sai da faston nan ya tsaya ya bayyana wa jama'a yadda ake shiƙa, domin yawancinsu injin girbi kawai suka sani. A wannan makon kuwa, a bayan kowane ƙauye namu akwai mace tsaye a masussuka, ta ɗaga ƙwarya sama daidai kafaɗa, tana karkata ta sannu a hankali, tsabar gero tana zuba a faifai ko a wata ƙwaryar, iskar hunturu tana kwashe ƙaiƙayin, gashin idonta duk ya yi fari. Wannan ba ta bukatar bayani, a karanta mata nassin kawai a tambaye ta. A shekarar Luka kuma, Lahadi ta uku ta lokacin jiran Nowel ita ce inda Yahaya yake cewa mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita, kuma a tsakiyar sanyi take zuwa, lokacin da yara suke kwana a bakin kasuwa suna jin wutar kara.

Azumin kwana 40 yana farawa ranar Laraba, kwana 46 kafin Faska, domin ba a ƙidaya Lahadi shida da ke tsakani. Idan Allah ya kai mu, a 2026 zai fara ranar 18 ga Fabrairu, kusan rana ɗaya da azumin maƙwabtanmu Musulmi, abin da ba kowace shekara yake faruwa ba, kuma zai sa a tambayi yaranmu a makaranta da kasuwa ko su ma suna da azumi, ya kamata kuwa su san amsar da za su bayar. Ranar 8 ga Maris karatun shi ne Yahaya 4: Yesu ya gaji da tafiya, ya zauna a bakin rijiya da tsakar rana, ya roƙi mace ruwa, ita kuma ta ce masa ba shi da guga, rijiyar kuma da zurfi. Wane ne a ƙasar Mayahi ko Dakoro zai ji wannan a watan Maris bai gyara zama ba? Sannan Jumma'ar gicciye, 3 ga Afirilu, da Faska, 5 ga Afirilu, za su zo a tsakiyar bazara, zafi ya haura digiri 40, ƙasa ta bushe, samari sun tafi cin rani. Wanda ya karanta kalmar da Yesu ya faɗa a kan gicciye cewa yana jin ƙishirwa a ƙarƙashin kwanon majami'armu da rana tsaka ba sai ya ƙara mata komai ba. A wurinmu kuma tashin Almasihu ba ya zuwa da furanni, yana zuwa ne lokacin da babu wata alamar rai a fili, kuma a ganina wannan ya fi kusa da halin da matan da ke bin Yesu suke ciki sa'ad da suka nufi kabarinsa da asuba.

Fentikos ta 2026 ranar 24 ga Mayu ce. A ƙasar Yahudawa idin girbin alkama ne, mu kuwa lokacin ne ake duban gabas, ana gyaran gona, wasu ma sun yi binne suna jiran ruwa. Zancen harsuna na Ayyukan Manzanni 2, inda kowa ya ji manzanni suna magana da harshensa, bai yi mana nisa ba, tunda a majami'un birni Bahaushe da Bazabarme da Bafillace da mutanen Benin da Togo da Najeriya benci ɗaya suke zama.

Daga nan sai doguwar damina, inda ake bin koyarwar Yesu sura bayan sura. Ranar 12 ga Yuli misalin mai shuka ne, Lahadin da ke biye kuma misalin alkama da zawan, ciyawar da ke kama da alkama, daidai lokacin noman farko. Manominmu ya san shibra, wadda ba ka iya bambanta ta da gero na kirki tun tana ƙarama sai ta fitar da kai, don haka ya fi kowa gane dalilin da maigona ya hana bayinsa gaggawar tumɓukewa. A shekarar Markus ana dakatawa Lahadi biyar, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta, a karanta Yahaya 6, ciyar da mutum 5,000 da zancen gurasar rai. Kun fi ni sanin abin da waɗannan makonni suke nufi: rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiya ya tashi, gero bai nuna ba. Fasto a nan yana iya yin wannan wa'azi ga mutanen da suka ƙoshi, namu kuwa ba zai iya yin sa da gaskiya ba sai ikilisiya ta tambayi kanta gidan wa ba a hura wuta ba jiya. A shekarar Luka, a farkon Agusta ne ake karanta labarin mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya, kuma da wuya mai wa'azin da ke da attajiri mai ɓoye hatsi a bencin gaba ya zaɓi wannan nassi da kansa a irin wannan wata. Jerin karatu yana zaɓar masa, ya kuma kare shi daga zargin cewa da wani yake.

Akwai abin da kalandar nan ba ta da shi wanda ba za mu yarda a taɓa ba, wato godiyar kaka, ranar da ake shigo da dammunan gero da dawa, da wake da gyaɗa, a tara su gaban mumbari, mata suna buga tulu suna waƙa. Haka nan addu'ar daren shiga sabuwar shekara. Kuma idan rasuwa ko fari ko fitina ta auka wa gari, hankali ya isa ya gaya wa fasto ya ajiye takarda ya yi magana a kan abin da ke damun mutane. Jerin ma yana tsallake wasu sassa na Littafi, waɗanda za a iya cikawa a taron tsakiyar mako.

Roƙona ga shugabanninmu da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki ƙarami ne. A rubuta nassosin shekara a kan takarda ɗaya, gaba da baya, da Hausa, a ƙarƙashin kowane lokaci a sa layi biyu ko uku a kan abin da manomi da ɗan kasuwa suke ciki a wannan wata, a raba wa masu bishara a babban taro, a kuma tura ta WhatsApp. A ba zumuntar mata tasu tun da wuri, domin su ne masu ƙirƙirar waƙa, kuma abin da suka sa a waƙa yana kaiwa bakin rijiya da wurin daka inda wa'azi ba ya kaiwa. Ikilisiyar da ta ga jerin shekara 3 ya yi mata yawa tana iya farawa da Bisharar Markus kaɗai, sura 16 ce, a bi ta daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ba. Idan an amince, kuɗin buga takardar farko ni da wasu ƴan'uwa ƴan Nijar da ke nan za mu ɗauka.

A gaishe mini da iyalai duka, da marasa lafiya da ke asibitin Danja, da ƴan makaranta. Allah ya kai mu Nowel lafiya.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku a cikin Almasihu,
daga Liyon, Disamba 2025.