Keken surfani ba ya gane hoto

Tun da na sayi ƙaramin keken surfani na Brother, kowa sai ya turo min hoto ta WhatsApp, wai in ɗinka masa a wuyan riga. 'Yan uwa, keken nan fa ba ya gane hoto! Fayil ɗin PES yake karantawa, shi ke gaya wa allura inda za ta soka, ta ina za ta bi, da lokacin sauya zare. Masu keken Janome kuwa fayil ɗin JEF ne nasu.

Ni da manhajar zane ta Inkscape nake aiki a kwamfuta, na ɗora mata Ink/Stitch mai mayar da zane fayil ɗin surfani, duk kyauta. Nakan bi zanen da hannu layi-layi, in rage launuka zuwa huɗu ko biyar. Akwai manhajojin da ke juya hoton da kansu, amma aikin yakan fito a cunkushe, zare kan zare har allura ta karye.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne jan zare. Yana tattare yadi, da'ira sai ta koma kamar ƙwai in ba a ɗan faɗaɗa ta tun a kwamfuta ba. Shadda tana da haƙuri, amma yadi mai talewa sai an shimfiɗa masa takarda mai tauri a ƙasa.

Masu son fuskar maigida a filin santimita 10, don Allah ku yi haƙuri. Fure da tambari dai, ku kawo.