Barcin da Na So Saya a Kwalba

Wata huɗu na yi ina ganin fitowar alfijir ido biyu. Ina kwance a ɗakina nan Ƙofar Ƙaura, sai dai in ji an kira assalatu. Da rana kuwa kaina kamar an ɗora masa dutse.

Ana cikin haka ƙanena ya turo mini hoton wata 'yar kwalba, ya ce, "Yaya, ga maganinka, DSIP sunansa." Na yi ta karatu a kansa. Ɗan guntun furotin ne, feftayid, mai amino asid 9 (wato ƙananan tubalan da ke haɗuwa su gina furotin), wanda masu bincike a Basel ta ƙasar Suwizalan suka ciro daga jinin zomo a shekarun 1970. An danganta shi da barci mai nauyi, wanda jiki ke hutawa a cikinsa sosai. Wallahi raina ya biya.

Kafin in tura kuɗi na kai wa wani likita hoton. Ya duba, ya ce, "Malam, gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, sakamakon ma bai zo ɗaya ba. Allura ce fa, kuma ban ga lambar NAFDAC a jikinta ba." Sai ya tambaye ni yawan goron da nake ci, da shayin bayan isha'i, da kwana da waya a hannu. Na yi shiru.

Ban saya ba. Goro yanzu daga azahar na rufe, waya kuma a falo take kwana. Barcin bai gama dawowa ba, amma daren jiya sai da uwargida ta tashe ni sallar asuba. Alhamdulillahi.