Idan mai neman shawara ta tambaye ni labarina

A ɗakin da nake ba mata shawara a nan Sakkwato, da wuya mace ta zauna ba ta fara tambayata ba: "Malama, kina da aure? Yara nawa?" Wasu abokan aikina suna ganin bai kamata a amsa ba, kuma suna da madogara. Tun 1912 Sigmund Freud, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Austriya, ya ce mai wannan aiki ya zama kamar madubi, kada marar lafiya ya ga komai a jikinsa sai abin da ya zo da shi. Amma a nan, idan dattijuwa ta tambaye ki kika kauce, girman kai za ta ɗauka, sai ta ja bakinta ta rufe. Na fi karkata ga Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, wanda a 1957 ya sa gaskiyar zuciyar mai ba da shawara cikin sharuɗɗan samun sauƙi. Don haka ina amsawa, a gajarce.

Inda abin yake da nauyi shi ne matan da suka yi ɓari. Ni ma na taɓa yi, shekaru da yawa baya. Ba kowa nake gaya wa ba. Sai na ji mace tana cewa ita kaɗai Allah ya jarraba da wannan, tana murza bakin mayafinta, ta kasa ɗago kai, sannan nake cewa, "Ɗiyata, ni ma na taɓa yin ɓari." Shi ke nan. Sai in tambaye ta, a wurinta dare ya fi tsanani ko safiya?

Yadda na wuce lokacin ba na faɗa. A gida uwar miji da gwaggo sun riga sun ce mata, "Mu ma mun gani, yi haƙuri." Idan na ɗora nawa a kai, labarina ya zama wata hanyar rufe mata baki. Kuma ciwon da bai warke ba ba na kawo shi, domin mutanenmu akwai tausayi. Nan take za ta koma lallashina, "Sannu Malama, Allah ya ba da lada," alhali don kanta ta zo.

Ga shi garin kowa ya san kowa. Gobe sai mu haɗu a gidan suna a Mabera ko a Tsohuwar Kasuwa. Amanar aiki ni ta ɗaure, ita ba ta ɗaure ta ba, shi ya sa maganar mijina da ta cikin gidana ba ta shiga ɗakin nan.