Salansar da aka ce sai an sauke kaya

Yau na shiga gaban wata a-kori-kura daga Dawanau zuwa Bichi. Salansarta ta gutsure tun daga wuyan inji, direba ya ce sai ya sauke kaya zai kai wa mai walda. Ƙara kam ba a magana. Da ruwa ya sauko muka ɗage gilasai. Ba mu yi nisa ba yaron motar da ke tsakaninmu, wanda tun tashinmu bakinsa bai huta ba, ya yi tsit, kansa ya fara langaɓewa a kafaɗata. Direba ya zungure shi: "Kai, baccin me kake da rana tsaka?" Ya ce, "Oga, kaina ne ke sarawa." Ni ma a lokacin goshina ya yi nauyi. Na duba ƙasa, ashe robar gindin giya ta cinye, hucin inji ta nan yake shigo mana. Na ce, "Malam, don Allah faka mu sha iska, gara mu jiƙe."

Duk wanda muka wuce ƙarar yake tsine wa, alhali aikin salansa bai tsaya kan rage ƙara ba, ita ke kai hayaƙi can bayan mota. A cikin hayaƙin nan akwai iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Da ciwon kai da jiri da bacci take farawa. Ga kuma zafin yana dukan wayoyi da tiyon mai kai tsaye. Tun da na sauka nake tunanin yadda za ta kaya da a ce direban ne baccin ya fara ɗauka.