Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ƙullin Zogalen Inna

Makon jiya na tsaya a daren da aka kai ni ɗakina a unguwar Bagalam, cikin Maradi, na kuma yi alkawarin yau zan kawo labarin haihuwar fari. Ku yi mini haƙuri, ba shi ke tafe ba. Ranar Juma'a na shiga babbar kasuwa sayen kayan miya, na iske mata sun yi cincirindo kan mai dafaffen zogale, har da masu manyan mayafai da suka sauko daga mota, kowa na miƙa kuɗi. Tun daga nan Inna ta tsaya mini a rai, na kasa rubuta komai sai ita.

Kun riga kun san Inna, kakata ta wajen uwa da ta riƙe ni a Jiratawa, kusa da Maradi. In ta ajiye mana kwaɗo muka ɓata fuska, maganarta ɗaya ce: "Ɗacin da ba ku ci a akushi ba, kwa sha shi a ludayi." A lokacin mun ɗauka tsoratarwa ce kawai, don da ludayi take ɗura mana jiƙon sabara in ciki ya ɓaci.

Shekarar yunwar da ake kira El Buhari, 1984, ina da shekara 13. Damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, abin da ake samu ta garin Ɗan Isa na bakin iyaka ya yanke. Na san anza, ƴaƴan icen daji masu ɗaci, da hannuna: mu tsinko, mu ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita, sannan a dafa dilo. Mun ci jiga, mun ci yaɗiya. Amma abin da ya riƙe gidanmu shi ne buhunan busasshen ganye da Inna ke tarawa kowace kaka, tafasa da rama da zogale da kuka. A inuwa take shanya su, ba ta yarda rana ta taɓa su, ta ce rana tana cinye koren, koren nan kuwa shi ne abincin. Maƙwabta sun sha yi mata dariya kan buhunan. A shekarar nan su ne suka riƙa zuwa da ƙoƙo bayan magariba, kada a gan su.

To, wannan tarbiyyar na shigo da ita birni a 1988. Gidan su maigida gidan fatauci ne, tsakanin Maradi da Kano, mutum sama da ashirin a tukunya ɗaya. Ranar da na kama girki na so in nuna ni ɗiyar wani gida ce. Na yi tuwon hatsi da miyar kuka da daddawar batso, sannan na yi kwaɗo. Har yau ina ganin hannuna a cikin akushin nan. Na tsige zogalen ganye-ganye, ban bar ko tsinke ba, na wanke sau uku, na dafa har ya yi laushi, na matse shi dunƙule-dunƙule. Na daka ƙuli-ƙuli da tonka, na yanka albasa da tumatir, na ɗiga man gujiya, na cakuɗa har kowane ganye ya ɗauki garin. Na rufe da sabon faifai na kai ɗakin uwar miji.

Yaya, babbar yayar maigida, ita ta ɗaga faifan. Ta dubi akushin, ta dube ni, ta ce, "Amarya, wannan na mutane ne ko na awaki? Mu nan gidan mun wuce cin haki." Ta kira yaro ta ce ya kai turke. Ina durƙushe aka fita da shi. Amarya ba ta mayar da magana, ban ce komai ba, uwar miji ma ba ta ce komai ba, maigida kuwa ko da ya ji labari cewa ya yi in yi haƙuri, haka Yaya take. Daga ranar sunana ya koma Ƴar Haki, har yaran gidan da ban girme su da yawa ba.

Shekara 30 da ɗoriya ke nan, kuma wallahi in na tuna sai in ji zafin a wuyana.

Amma ba laifin Yaya kaɗai na zo faɗa ba, akwai nawa, kuma shi ya fi ci mini rai. Na bar ganye. Shekara shida ban kwaɗa komai ba a gidan nan. Na koyi shinkafa da miya irin tasu, mai ya taso ya rufe saman tukunya, dunƙulen magi biyar ko shida a miya guda, taliya da dare. Na ƙware har ana yabona. Da na haihu, Inna ta zo suna a kan amalanke da ƙullin busasshen zogale a tsohon zane, ta ce in riƙa zubawa a kunu don nono da jini. Kunya ta kama ni kada dangin miji su gani. Na tura ƙullin ƙarƙashin gado, bayan taro ya watse na zazzage wa awaki da hannuna. Da arba'in na je gida, ta ce, "Kin ci, ɗiyata?" Na ce na ci, Inna. Ta jawo ni kusa, ta sa ɗan yatsa ta buɗe fatar idona ta ƙasa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Jininki bai ce kin ci ba." Ba ta ƙara ba. Ta rasu a daminar 1992, ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.

Sai daga baya, wajen awon ciki na huɗu, na ji ungozomar likita tana gaya wa mata cewa zogale na da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da na ƙashi da bitamin A. Ita ma fatar ido ta buɗe mini, yadda Inna ta yi.

Abin da ya maido da ganye gidanmu karyewar kuɗinmu na sefa ce, a watan Janairun 1994, da aka rage darajarta da rabi dare ɗaya. Duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, shinkafa da mai da madara. Kasuwar su maigida ta girgiza. Ranar girkina aka auno mini abin da bai isa rabin gida ba. Na fita na sayo tsakin masara da zogale, na ɗora madambaci, na liƙe bakin da tsumma jiƙaƙƙe kada tururi ya gudu. Da tsakin ya yi rabin nuna na juye, na haɗa da ganyen da albasa mai yawa, na mayar. Ƙamshin dambun nan ya kai har zaure. Aka ci aka suɗe. Kwanon Yaya ya dawo wayam, ta aiko yaro wai ko da saura. Wannan shi ne iyakar abin da na samu daga gare ta, ba "sannu", ba "na yi kuskure".

A 2005 kuwa, bayan fari da fara sun haɗu a daminar 2004, hatsi na nan jibge a kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Na ga mata daga ƙauyukan Madarunfa goye da yara masu tamowa suna layin karɓar biskit ɗin gujiya na maganin tamowa. Ban manta ba, wasu a nan birni suna cewa abin ya kai har mutane na cin ganye, kamar cin ganyen shi ne masifar. Rashin hatsin da za a haɗa da shi ne masifar. Wannan labarin zai samu nasa kashi.

Maganar ludayi ta Inna sai da ta same mu har ɗaka. Maigida ya yanke jiki ya faɗi a shago, aka ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Likita ya tambaye ni magi nawa nake sawa, na faɗa, ya ce kusan rabin dunƙulen nan gishiri ne, kuma abin da ake so babba ya ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi. Ya ce a rage mai, a yawaita ganye da wake da kabewa. Ina zaune ina jin mai farar riga yana karanto mini tukunyar Jiratawa. Na koma ga daddawar batso da kalwa, busasshen kifi, tafarnuwa da citta, magi ɗaya tak in miyar ta yi yawa. Kanwa ma na rage, ɗan ƙiris don yauƙin kuɓewa. Wata biyu yana ƙorafin miya ba ta da ɗanɗano, daga nan harshensa ya saba. Ƙwayarsa kuwa bai fasa sha ba ko kwana ɗaya, kuma ina faɗar haka ne saboda masu yawo suna cewa zogale na maye gurbin magani. Ban yarda da su ba, Inna ma da take ba mu kwaɗo ba ta jefar da ludayinta ba.

Yanzu itacen zogale bakwai gare ni a bayan ɗaki, irin daga Jiratawa na kawo shi. Yaya tana da ciwon suga shekara da shekaru, an hana ta abubuwan da take tinƙaho da su. Kowace safiya jikarta na zuwa da roba in tsinka mata. Da azumin bana na je gaishe ta, na iske tana gaya wa surukanta cewa su gidansu tun fil'azal da zogale aka san su. Ina zaune a gabanta ta faɗa. Na ce, "Haka ne, Yaya?" Ta ce, "Haka ne mana, Amarya," ta ci gaba da jan carbinta. Na yi mata sai da safe na taho, washegari yarinyar ta zo na cika mata robar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai haihuwar fari, wadda dominta Inna ta hau amalanke da ƙullin nan.