Baƙin mai a ƙarƙashin tsohon fenti

Dandamalin katako ne a gaban shagona a Garwa ta ƙasar Kamaru, mita 4 da mita 3, an yi masa fentin mai hawa uku, duk ya tsattsage yana ɓarewa. Kankare shi bai ba ni wuya ba. Abin da na tarar a ƙarƙashinsa ne har yanzu yake ci mini rai.

Maganin cire fenti mai kauri, wanda masu kanti ke kira dekapan, lita 4 ya ci. Kada a shafa shi da rana. A zafin Maris, da ke wuce digiri 40, kafin ya ratsa fentin ya bushe. Bayan la'asar nake shafawa, da kauri, falanki uku uku, in rufe da leda minti 30, sannan in kankare ta bin tsawon katakon. Ban ƙona da wuta ba, ban kuma goge tsohon fentin da sanfefa a bushe ba, saboda sai a 2017 Kamaru ta ƙayyade yawan dalma a fenti. Wanda aka shafa kafin nan ana iya samun gubar a cikinsa, kuma yara na wasa a wurin. Safar hannu da takunkumi dole ne.

Da katakon ya fito, sai ga shi baƙi ƙirin, yana maiƙo. Ashe wanda ya kafa shi baƙin man mota ya shayar da shi don gudun gara, sannan ya ɗora fenti. Shi ya sa duk fentin da aka ƙara bai taɓa kamawa ba! Rana na dukansa, man ya taso ya tunkuɗe fentin daga ƙasa.

Gwajin gano mai a katako ba shi da wuya. Ɗiga ruwa: in ya tsaya dunƙule bai shige ba, akwai mai. Ko ka shimfiɗa takardar buhun siminti da azahar, ka danne da dutse, bayan awa ɗaya ka duba tabo.

Na goge da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, na barbaɗa garin katako ya kwana yana tsotsa, na share, na wanke da ruwan zafi da garin sabulu. Na yi ta maimaitawa har takarda ta daina tabo. Falanki biyar na bakin matakala sun ƙi, man ya kai can ciki. Dole na saya sababbi, kuɗinsu ya fi na fentin gaba ɗaya. Da tun farko na san da man, da su zan fara cirewa, in huta da asarar dekapan a kansu.

Sauran na bar su sati guda su bushe, na nutsar da kan ƙusoshi, na bi da sanfefa lamba 60, sannan 120. Shafin farko fentin alminiyum na katako, shi ke danne ragowar mai, sannan fentin mai siriri sau biyu, kwana ɗaya tsakani. Mai son kare katako daga gara ya nemi maganin gara na kanti, ya bar baƙin mai a gareji.